Allon PCB a kan injin sassaƙa 1325: layuka suna cinyewa a gefe ɗaya

Sani_Jekadafari: Assalamu alaikum injiniyoyi. Injin CNC 1325 ne na sassaƙa katako da allon talla, sifindil (motar da ke juya bakin yanka) 2.2 kW mai sanyaya da ruwa, kwanturola ta hannu RichAuto A11. Ana so a fitar da allon PCB (allon lantarki mai layukan jan ƙarfe) mai fuska ɗaya, 70 da 100 mm, na na'urar kunna famfon bohol idan tanki ya yi ƙasa. A kansa akwai ATmega328P, ƙaramar IC mai sarrafa na'urar, mai ƙafafu 28, da rile guda (makunnin da ke aiki da lantarki) mai ɗaukar 230V. Bakin yanka mai siffar V ne, digiri 60, tsini 0.1, zurfi 0.1 mm. A hagu bakin ko taɓa jan ƙarfen ba ya yi, a dama kuma ya nutse har layukan sun zama kamar zare, wasu sun katse. Shin injin ne ya yi wa aikin girma, ko saiti ne?

Injiniya_Yelwa: Wa alaikumus salam Malam Sani. Girman injin ba laifi ba ne, allon ne bai kwanta daidai da tafiyar bakin ba. Jan ƙarfen da ke kan allo na yau da kullum kaurinsa 0.035 mm ne kacal. Teburin 1325 kuwa bambancin rabin milimita daga wannan kusurwa zuwa waccan ba ya damun kafinta, amma a wannan aikin ya ninka kaurin jan ƙarfen fiye da sau goma. Ga lissafin da ya kamata ka riƙe: faɗin yanka daidai yake da faɗin tsini, a haɗa da zurfi sau biyu sau tan na rabin kusurwar bakin. Da digiri 60, tsini 0.1, zurfi 0.1, faɗin yanka ya kama 0.215 mm. In allon ya ɗago da 0.2 a dama, zurfin gaske ya zama 0.3, yankan ya kai kusan 0.45. Manhajar da ke tsara hanyar yanka ta ɗauka 0.215 za ka yanka, to rarar nan daga jikin layinka ake cinye ta, ta gefe biyu. Layin 0.4 mm zai koma ƙasa da 0.2.

Tumfure_CNC: Gaskiyar Injiniya ce. Maganin farko, kada ka ɗora allon kai tsaye a teburin. Ɗaure guntun MDF mai kauri 18 mm da sukuru huɗu, ka sa baki mai lebur 6 mm ka share masa gurbi 75 da 105, zurfi 0.5 mm, kowane zagaye ya hau kan na baya da kamar kashi 60 cikin ɗari. Tun da injin da kansa ya share wurin, ƙasan gurbin ya yi daidai da tafiyarsa ko da teburin a karkace yake. Daga nan kada ka kwance MDF ɗin har ka gama. In ka kwance ka mayar, sai ka sake sharewa.

Bala_Azare: Ka sauya baki kuma. Digiri 60 na rubutu a kan katako ne. Nemi digiri 30. Da shi kuskuren 0.1 a zurfi yana ƙara 0.054 ne kawai a faɗi, na 60 kuwa 0.115.

Hauwa_Gwallameji: Malam Tumfure, share gurbi yana gyara ƙasa ne, bai gyara allon ba. Allo mai fuska ɗaya kusan kullum a ɗan lanƙwashe yake zuwa, saboda jan ƙarfe na gefe guda ne yana jan sa. In aka danne shi da maƙalai a gefuna, tsakiyar ce ke tashi kamar kwano a kife. Sai an manne shi gaba ɗaya. A shimfiɗa salatif na takarda irin na masu fenti a bayan allon, a shimfiɗa wani a cikin gurbin, kada bakunan salatif ɗin su hau juna domin kaurin ɗaya ya fi zurfin da za a yanka. A ɗiga sufa gulu siriri tsakanin salatif biyun, a danne da abu mai nauyi mai lebur na minti biyu zuwa uku. Kafin nan a goge bakin allon da fayil, domin inda aka yanka shi da zarto akwai tsini-tsinin da ke ɗaga shi.

Tumfure_CNC: Na yarda Malama Hauwa. Salatif mai gam fuska biyu ma yana yi in siriri ne, ban da mai soso a tsakiya. Sai dai a zafin watan Maris da Afrilu gam ɗinsa kan yi laushi a shago mai rufin kwano, allon ya riƙa zamewa lokacin yankan gefe.

Sani_Jekadafari: Teburin yana da famfon zuƙar iska mai riƙe katako. Ba zai wadatar ba?

Bala_Azare: A'a. An yi shi ne don faffaɗan katako. Allo mai girman tafin hannu ba shi da faɗin da iska za ta kama, kuma da ka fara huji riƙon ya tafi.

Dan_Pantami: Ni fa duk wannan zagaye ne. Abin da duniya ke yi shi ne taswirar tsayi. Ka maƙala waya ɗaya a jikin baki, ɗaya a jan ƙarfen, injin ya sauka a hankali yana taɓa allon a kowane 10 zuwa 15 mm, ya rubuta tsayin kowane wuri, manhaja ta gyara Z, wato hawa da saukar baki, na kowane layi a fayil ɗin. Manhajar Candle tana yi, ta bCNC ma tana yi. A GRBL, manhajar da ke tuƙa ƙananan injuna, umarnin G38.2 ne, wayar tana shiga A5 na Arduino Uno. A manhajar Mach3 G31 ne. Allo 70 da 100 maki 6 sau 8 sun ishe shi, saurin saukar awo 20 zuwa 30 mm a minti. Da wannan ko allon ya ɗan lanƙwashe bakin yana bin sa.

Injiniya_Yelwa: Ɗan Pantami, koma ka karanta tambayar. A11 ce a hannunsa. Tana da farantin saita tsayin baki, amma wuri ɗaya take aunawa, ba ta zagaya allo ta tara maki ta mayar wa kwamfuta. Fayil take karɓa ta filashi ta bi shi yadda yake.

Dan_Pantami: Af, ban lura ba. To a sauya kwanturola mana.

Alhaji_Maisassaka: Ƙanena, injin da ake cin abinci da shi kullum ba a buɗe masa akwati saboda allo ɗaya. Sauya kwanturola yana nufin sake haɗa direbobin mota, da inbatar sifindil, da makunnan iyaka, da sake lissafin matakai a kowace milimita. In aikin allo zai yawaita, ƙaramin injin CNC 3018 ya fi sauƙi, yana zuwa da GRBL a shirye.

Hauwa_Gwallameji: 3018 na da nasa ciwon, Alhaji. Motar 775 da ke kansa ba ta wuce zagaye dubu goma a minti, sandunansa na lanƙwasawa, kuma sau da yawa bakin yana rawa. Sifindil ɗin Malam Sani yana kai dubu 24 kuma beyarinsa sun fi kyau nesa ba kusa ba. Wato babban injin ya fi ta wajen yanka, ƙaramin ya fi ta wajen awo.

Usman_Kashere: Akwai hanyar tsakiya da ba a ambata ba: a bar bakin V gaba ɗaya. Baki mai lebur 0.4 mm faɗin yankansa ba ya canzawa da zurfi. Ko ya nutse 0.1 ko 0.2, yankan 0.4 ne. Sai ka share gurbi, ka manne allo, ka sa zurfi 0.12, bambancin da ya rage ba zai taɓa layukanka ba. ATmega mai ƙafafu tazarar ƙafafunta 2.54 mm ce, akwai fili. Sharaɗin shi ne tazarar da ke tsakanin kowane jan ƙarfe biyu a zanen ta wuce 0.4, ka sa 0.45 a dokokin KiCad, manhajar zana allon. Illarsa karyewa. Tsinin siriri ne kamar allura, faɗuwa daga hannu ma tana karya shi, kuma ya fi na V tsada.

Injiniya_Yelwa: Shawarar Usman mai kyau ce, amma kafin a sa baki 0.4 a wannan injin sai an duba abu biyu. Na farko kwalet, wato abin da ke damƙe bakin a cikin sifindil. Waɗannan bakunan ƙugunsu 3.175 mm ne. Kwalet ER20 mai lamba 4 za ta kama shi, domin tana matsewa har zuwa 3, amma ba za ta riƙe shi a tsakiya sosai ba. A nemi wadda aka rubuta wa 3.175 ko 1/8. A wanke ta da mazauninta, ƙurar MDF ƙwaya ɗaya ta isa ta karkatar da baki. A ɗora agogon awo a ƙugun bakin a juya sifindil da hannu: in allurar ta yi wasa fiye da 0.02, baki 0.4 ba zai daɗe ba, kuma ko na V ne duk abin da allurar ta nuna ƙari ne a kan faɗin yanka.

Na biyu wasan haƙori. X da Y na yawancin 1325 a kan haƙoran rak suke tafiya, Z ne kawai ke kan sukuru mai ƙwallaye. A jingina agogon a jikin sifindil, a tura X gaba 1 mm, a dawo 1 mm, a ga ko allura ta koma sifili. In akwai 0.1 da ya ɓace, da'irar da ke kewaye da ƙafa za ta fito kamar ƙwai, kuma huji ba zai faɗa tsakiyarta ba. Ana rage shi da matse ƙaramin giya a jikin rak. A zaɓi kuma ɓangaren teburin da ba a cika aiki a kansa ba, can haƙoran ba su cinye ba.

Sani_Jekadafari: An auna. Rawar baki 0.06 da kwalet mai lamba 4. Wasan X 0.04, na Y 0.07. Wani abu kuma, a FlatCAM, manhajar da ke mayar da zanen zuwa fayil ɗin yanka, an sa sauri 200 mm a minti amma injin gudu yake kamar yana yankan katako.

Tumfure_CNC: Wannan sananne ne a A11. Tana iya yin watsi da F, wato saurin tafiya, na cikin fayil ta bi saurin da aka sa mata a hannu. Shiga saitin G code, inda aka rubuta F Read, ka mayar da shi daga Ign F zuwa Read F. Duba S, na saurin juyawar sifindil, ma haka. In kuwa da saurin katako aka yi yankan farko, tsinin bakin nan ya riga ya guntule, ka duba shi da madubin ƙara girma. Tsinin 0.1 da ya guntule ya koma 0.3 ko fiye, kuma shi ke barin gashi-gashin jan ƙarfe a bakin layi.

Bala_Azare: Sauri: zagaye dubu 18 zuwa 20, tafiya 250 zuwa 300 mm a minti, sauka 60. Bar sifindil ya yi minti biyar yana juyawa kafin ka saita Z, domin yana ɗan miƙewa in ya ɗumama.

Mai_Gyaran_Inbata: Ku yi haƙuri in kawo wata magana. Allo ɗaya mai ƙafafu manya, me ya hana a yi shi da ruwan ferik, mai narkar da jan ƙarfen da ba a rufe ba? A buga zanen da firinta mai hoda a takarda mai sheƙi, a goge shi a kan jan ƙarfe da dutsen guga minti huɗu zuwa biyar, a jiƙa takardar ta saɓule, a jefa a ferik mai ɗumi, minti ashirin an gama. Babu ruwanka da Z, babu baki mai karyewa.

Dan_Pantami: Sai huji fa? Ramuka tamanin da hannu, rabi a karkace, soket ɗin IC ya ƙi shiga.

Mai_Gyaran_Inbata: To a haɗa biyun. Ferik ya fitar da layuka, injin ya yi huji da yankan gefe.

Usman_Kashere: Haɗawar ce ke da wuya. Takarda tana ɗan miƙewa ko ta tsuke da zafin guga, firinta ma ba ta cika fitar da ma'auni cif ba. Kuskuren rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan 100 mm rabin milimita ne, huji ya bar tsakiyar ƙafa ke nan. In za a yi haka, a fara huji a injin, sannan a daidaita takardar a kan ramukan ta hasken fitila. Ruwan ferik da ya gama aiki kuma ba a zuba shi a kwata, akwai narkakken jan ƙarfe a ciki.

Hauwa_Gwallameji: Tun da an zo maganar lafiya: wane irin allo ne, Malam Sani? In ka duba gefensa ka ga launin ƙasa-ƙasa kamar kwali, FR1 ne ko FR2, takarda ce da gam, yana yankuwa cikin sauƙi kuma baki na daɗewa. In fari-fari ne ko kore-kore mai saƙa a ciki, FR4 ne, zaren gilashi. Ƙurarsa tana cin baki, tana cin layin dogon injin, kuma ba abin shaƙa ba ce. Kada a hure ta da kwamfuresa. A riƙe bakin injin zuƙar ƙura kusa da wurin yanka, a sa takunkumi, a kashe fanka. Wasu kan shafa mai siriri a kan allon ya kama ƙurar. Yana aiki, amma in ya gangara ya taɓa MDF sai ya kumbura, salatif ma ya saki.

Sani_Jekadafari: FR4 ne. Shi aka samu.

Alhaji_Maisassaka: To a rage zurfi iya yadda zai yiwu, duk abin da ya wuce jan ƙarfe gilashi kake nika.

Injiniya_Yelwa: Akwai abin da ya fi layuka masu kyau muhimmanci a wannan allon, kuma ba wanda ya taɓo shi: 230V. Wannan hanyar ba ta cire jan ƙarfen da ba a so, rami kawai take zagaye layi da shi. Ramin 0.2 ko 0.4 mm ya isa ga 5V, bai isa ga wutar gida ba ko kusa. Ga ƙurar hunturu, ga danshin damina a ɗakin famfo, wata rana wuta za ta tsallaka. Duk kewayen ƙafafun rile da tashar wayoyin 230V a kwashe jan ƙarfen gaba ɗaya. Tsakanin layin wuta da nutural kada a gaza 3 mm, tsakanin ɓangaren wuta da ɓangaren ATmega a ba da 6 ko fiye, in wuri ya ƙure a huda dogon rami ya ratsa allon a ƙarƙashin rile. A FlatCAM akwai NCC na share fili, a yi shi da baki 1 mm. Shimfiɗar jan ƙarfen GND, wato ta nagatif, kada ta shiga wannan yankin. Sannan layi mai faɗin 1 mm a wannan kaurin kusan amfiya 2 yake ɗauka ba tare da ya yi zafi sosai ba. Famfon bohol kada wutarsa ta bi ta kan allon sam, rile ya kunna kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, kwantakta ta ɗauki famfo.

Mai_Gyaran_Inbata: Wannan ita ce magana. Wutar da famfo ke ja lokacin tashi ta ninka ta tafiya sau da yawa, ƙaramin rile bakinsa mannewa yake.

Sadiya_Wunti: Wani tarkon FlatCAM: in tazarar da ke tsakanin ƙafa biyu ta gaza faɗin bakin da ka faɗa mata, ba ta yin ƙorafi, tsallake wurin kawai take, su fito a haɗe. Ƙara girman hoton ka bi kowace ƙafa ka ga layin yanka ya ratsa. Kuma kada ka yi mata ƙaryar faɗin baki don ta ratsa, layi za ta ci. Zagaye biyu ko uku masu hawa juna da kashi 40 sun fi ɗaya, suna kwashe siraran zaren jan ƙarfe da kan rage a tsakiya, kuma dalma ba ta saurin tsallakawa lokacin haɗa kaya. Kada ka manta fuskar ƙasa ce kake yankawa, sai an kifar da zanen, da fayil ɗin huji tare, a kan layi ɗaya. In ka manta, allon zai fito tsaf amma ƙafafun IC a juye.

Dan_Pantami: Rubuta wata kalma a fuskar jan ƙarfen tun a KiCad. In ta karantu daidai a hoton da za a yanka, kifarwar ta yi.

Bala_Azare: Huji: 0.8 ga rizista da soket, 1.0 ga diyod 1N4007 da fil na jere, 1.3 ga rile da tashar sukuru, amma auna ƙafar da kanka. Zurfi 1.9 a allon 1.6. Kowane girma fayil ɗinsa daban, tun da da hannu za ka sauya baki. Sauka 80 zuwa 100. Bakin kabayid ba ya lanƙwasa, karyewa yake, don haka wasan Y ɗin nan bai dame shi ba amma rawar 0.06 za ta dame shi. Gefe a ƙarshe, baki mai ƙaya irin ɓawon masara 1.5 ko 2 mm, 0.5 a kowane zagaye.

Sani_Jekadafari: In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka fa?

Tumfure_CNC: Ka tura injin gida kafin ka fara, sannan ka sa sifilin aiki, ka rubuta lambobin X da Y na inji a takarda. In wuta ta dawo ka sake tura shi gida, sifilin yana nan. Amma makunnan iyaka ba lallai su maimaita daidai da 0.05 ba, don haka ka huda ƙaramin rami a kusurwar allon tun farko ya zama shaida. Z kam dole a sake saitawa. Aikin duka bai fi minti arba'in ba, ya fi kyau a yi shi a kan janareta tun daga farko.

Usman_Kashere: Saita Z ba da takarda ba, kaurinta kusan 0.1 ne, daidai da duk zurfin da kake nema. Sa mitar awon lantarki a kan saitin da ke ƙara in wayoyinta biyu sun haɗu, waya ɗaya a baki ɗaya a jan ƙarfe, sauko da matakin 0.01 har ta yi kuka. Da wannan dabarar ma za ka iya auna kusurwa huɗu da tsakiya kafin ka yanka. In bambancin bai wuce 0.04 ba, zurfi 0.08 da V mai digiri 30 zai fita ko'ina ba tare da wata taswira ba. In ya wuce, ɓamɓare ka sake mannewa. A cire wayar kafin a kunna sifindil.

Dan_Pantami: Wato dai taswirar tsayin da na faɗa ce, da hannu.

Hauwa_Gwallameji: Ba ɗaya ba ne. Taka tana gyara fayil ya bi karkatar allo, tasa tana gaya maka ko allon ya kwanta ne kawai. Injunan da aka ƙera don wannan aikin, irin na LPKF na Jamus, wata hanyar suka bi: akwai zobe a kewayen bakin da ke tafiya a kan allon yana danne shi, bakin ya leƙo ƙasa da zoben da iya zurfin da ake so.

Sadiya_Wunti: Bayan yanka a goge da sanfefa mai lamba 600 ko sama, da ruwa kaɗan, a bi ramukan da tsohon buroshin haƙori, a gwada kowane layi da maƙwabcinsa da mita kafin a ɗora ko rizista ɗaya. Jan ƙarfe tsirara yana dusashewa cikin kwanaki, dalma ta ƙi kama shi. A narka rozin a sifirit a shafa, ya bushe. Ɓangaren 230V kuma bayan haɗawa a wanke shi a fesa masa banish.

Alhaji_Maisassaka: Har yanzu ina kan bakata. Na gwaji ɗaya ko biyu, a yi a 1325. In guda hamsin ake so, a aika fayil ɗin China a bugo su da rufin kore da rubutu, ko da za a jira makonni.

Sani_Jekadafari: An share gurbi, an manne da salatif da sufa gulu. Awon mita: kusurwa uku tsakanin 0 da 0.03, ta huɗu 0.07. Kwalet 3.175 ba ta iso ba tukuna, V mai digiri 30 ne kawai a hannu. A yanka haka ko a jira?

Injiniya_Yelwa: Wace kusurwa ce mai 0.07? In ɓangaren rile ne inda za a share fili, ba komai. In ƙarƙashin ATmega ne, sake mannewa.

Usman_Kashere: Da rawar 0.06 faɗa wa FlatCAM faɗin bakinka 0.2 ne, ba 0.14 ba, ka ƙara layukan sigina zuwa 0.6. Ka fara yanka murabba'i 10 mm a gefen da ba komai, ka auna abin da ya rage da baniya, ma'aunin faɗi da kauri, ka turo lambar.